Idon Baba na Hagu

Santiago, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya sanyin Chicago? Mu nan kalau muke.

Mama, Osbin ya tabbatar mini barrilete ɗin ƙungiyarsu na bana fuskar Baba ce. Faifan takarda ne mai faɗin mita goma sha biyu, an ɗaure shi a jikin gora, da igiyoyi ake tayar da shi tsaye. Wata huɗu ke nan suna liƙe-liƙe a ɓoye, ni da nake yayarsa ma ya hana ni leƙawa, wai sai ranar matattu a maƙabarta, kamar kowa. Kin dai san taurin kan ɗanki. Sau ɗaya za a tayar da shi, kuma takarda ba ta jure iska. Rashin takardu ya hana ki zuwa jana'iza, amma wannan na yi alkawari sai kin gani.

Gilashin kyamarata ne ke damuna. Guntun nan ne mai araha da ya zo da ita, hoton nesa duk a dushe yake fitar da shi. Na je shagon Don Fermín a babban birni, ya ɗora mini wani dogo irin na ƙwararru. Na hango tantabara a kan coci, har zanen gashinta na gani. Tsadarsa kuwa ba a magana. Ya ce zai rage mini idan na bar masa guntun. Na dawo gida zuciyata biyu.

'Yarki,
Floridalma

Santiago, 25 ga Oktoba

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau. Da fatan maganin ya karɓe ki.

Na sayi dogon gilashin, na bar wa mai shagon guntun. Kada ki yi mini faɗa. Don Fermín ya tambaye ni inda zan tsaya, na ce a kan katangar maƙabarta, can nesa da turmutsitsi. Ya ce to ba laifi, amma ya maimaita tambayar har sau biyu, abin ya tsaya mini a rai. Osbin kuwa dariya ya yi ta yi, wai yaƙi zan tafi da wannan igwa.

Jiya na gwada shi a tsakar gida. Na nemi ɗaukar karenmu, kunnensa kaɗai ya shiga, ko da na manne da bango. Na dai lallashi kaina da cewa katangar tana da nisa. Ki sa ni a addu'a, ki roƙa mana sauƙin iska.

Taki,
Floridalma

Santiago, 2 ga Nuwamba

Mamana abin ƙaunata,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya. Mun gyara kabarin Baba, mun zuba furanni, mun ci fiambre, abincin ranar matattu, a gefensa, na ajiye masa nasa.

Mama, ban kai katangar ba. Na manta cewa idan aka zana mamaci, danginsa ne ke tsayawa a gaba. Inna Chabela ta cafke hannuna, ta ce 'yar Eusebio ba za ta hau katanga kamar baƙuwa ba. Na waiga, mutane sun cika ko'ina har kan kaburbura, ba hanyar komawa.

Su Osbin suka ja igiyoyi, Baba ya miƙe a gabana, da hularsa da murmushinsa. Jama'a suka ɗauki ihu. Na ɗaga kyamara, ba abin da na gani sai launi. Na ja da baya, na taka ƙafar wata tsohuwa. Na sa hannu a jaka ina laluben guntun gilashin, alhali na san yana shagon Don Fermín. Na tuna waya, sai dai tana can ƙasan jaka, ga gorar da ke riƙe da faifan ta fara ƙara. Sau ɗaya na danna kyamarar. Iska ta tsaga shi daga goshi har haɓa, ko minti biyu bai yi a tsaye ba.

Na yi kuka sosai, na karya miki alkawari. Sai da muka koma gida na iya duba hoton. Idonsa ne na hagu, shi kaɗai. A cikin ƙwayar idon akwai 'yar ƙaramar surar mace da aka yanko daga takarda, ba ta fi tafin hannu ba, sanye da jar rigarki mai tsuntsaye. Osbin ya ce shi ya liƙa ta, ko 'yan ƙungiyarsu bai gaya wa ba, kuma bai zaci wani zai hango ta daga ƙasa ba.

Ga hoton nan a cikin ambulan. Ki yafe mini, iyakar abin da na samo ke nan. Sauran fuskar kin fi ni saninta.

Osbin da Inna Chabela suna gaishe ki.

'Yarki mai kewarki,
Floridalma