Gwiwoyin Bature a Gonar Auduga

Malam mai filin shawara, ka taimake ni don Allah, aikina na neman kuɓuce mini.

Ni dogari ne a gidan Hakimi a Karaye, gadon ubana. Abin da aka koya mini shi ne, in babba zai yi atishawa ko gyaran rawani, in baza riga in tare shi daga idon jama'a. To, sabon Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadin gonakin auduga a Beli. Hakimi, ransa ya daɗe, ya damƙa mini shi, ya ce in mutuncin baƙon nan ya zube, in tuɓe rigar in ajiye.

Malam, mutumin nan da gajeren wando ya fito daga mota! Gwiwoyi jajir a waje, ga dattawa, ga mata masu tallar fura. Kunya ta kama ni kamar ni ne tsirara. Na baza riga. Ya yi dama na yi dama, ya yi hagu na yi hagu. Muka gama gonakin bai ga komai ba sai ja da koren rigata. Daga baya ya zurma ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Ni ma ban ga ramin ba, da baya nake tafiya. Na bi shi ciki na lulluɓe shi, gudun kada a gan shi ƙafafu sama.

Yanzu tafinta, Malam Shitu, ya ce Bature ya rantse in rigata ta sake tare shi sai an kore ni. Hakimi kuwa yabona ya yi. Ga rangadin Gwangwan tafe. In na rufe kora, in na bari kora. Matata Barira har ta ɗinka masa dogon wando, amma wa zai kai?

Dogari Mai Tsaka-mai-wuya

Malam Dogari, ka kwantar da hankalinka. Kunyarka ta gidan tarbiyya ce, ban ga laifinta ba. Amma shi ma baƙon da gaskiyarsa: auduga ya zo gani, kuma wanda aka ba ka tsaronsa kai ka kai shi rami.

Kafin ranar, ka roƙi Malam Shitu ya bayyana wa Hakimi cewa a garinsu Bature wannan wandon cikakkiyar shiga ce, ba yadi ne ya gaza ba. Ran tafiya ka shige gaba, fuskarka ga hanya, ka kula da rami da maciji da mahaukacin kare. Wandon Barira kuwa ka sa abinka ran Juma'a.

Gwiwar da ta ƙetaro teku a buɗe ba a Gwangwan za ta koyi kunya ba. Allah ya bar ka da rigarka.