Katakon da Na Gani Na Yi Shiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Shekara huɗu da rasuwarka ban taɓa rubuta maka komai ba. Yau tsoro ne ya zaunar da ni.

Ka tuna warsharmu, shagonmu na kafinta a Karantina nan ƙasa mai tsarki, kafin a rushe unguwar? Wata rana kana yanka katakon sanaubar, mai ƙamshin ƙaron nan da jiragen ruwa ke kawowa daga ƙasashen sanyi, ka juyo mini da bakinsa. Ka nuna mini zobban da ke ciki, kowane zobe shekara guda. Sai ka ɗora farce a kan wani da ya yi duhu ya murɗe. Ka ce a shekarar nan sanyi mai daskarar da ruwa ya faɗa wa bishiyar tana cikin toho, ya lalata ta daga ciki, ta rufe a kai ta ci gaba da girma. Kai da ba ka taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji!

Ka ce, "In ka ga wannan, Bashir, yi akwati da shi. Kada ka ɗora masa mutum."

Baba, watan jiya na gan shi a jikin katako uku. Aiki ya yi mini yawa, na ce a raina ai siriri ne, ba komai.

Ranar Talata da hantsi Kawu Isa, abokinka mai fenti, ya hau saƙalar da na haɗa masa, dandamalin katakon da ake takawa a yi fenti, a wani gini a unguwar Ammariyya. Katakon da ya taka ya tsage a tsaye, ya bi zoben nan daga farko har ƙarshe. Daga hawa na biyu ya faɗo, ina tsaye ina kallo.

Ka san tun da ya zo umra ya zauna ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Yana kwance a ƙasa ya riƙe mini riga, yana roƙona kada in kai shi asibiti. Na kai shi. Ƙashin bayansa ya tsage, amma jiya ya motsa babban yatsan ƙafarsa. Abin da zai biyo baya kan takardunsa, babu wanda ya sani.

Na je na durƙusa gaban matarsa, Inna Hajara, na faɗa mata gaskiya duka. Ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "Katako uku ka ce. Sauran biyun fa?"

Sai a lokacin na tuna da su.

Gado mai hawa biyu na yi da su, Baba. Wata mata ce ta saya wa 'ya'yanta mata, Bahaushiya mai tabo a gira. Ta zo da motar ɗaukar kaya, ta ce a unguwar Bani Malik take. Ban karɓi lambarta ba, ko sunanta ban tambaya ba.

Kwana uku ke nan na rufe warsha ina yawo a Bani Malik. Na tambayi masu shaguna, da limamai, da mata masu sayar da yaji a bakin titi. Gidajen sun yi yawa. Duk tagar da na ɗaga kai na kalla, sai in ga kamar a cikinta ne wata yarinya ke tsalle a sama, ƙanwarta na kwance a ƙasa.

Shi ya sa na sa wasiƙar nan inda jama'a za su gani. Gadon shuɗi ne, tsaninsa mai taki huɗu. Ko wani zai gane shi, ya ce a sauko da yaran.

Ka yafe mini, Babana. Allah Ya jiƙan ka, Ya tashi kafaɗun Kawu Isa. Ya Allah, Ka riƙe katakon nan har in isa.

Ɗanka,
Bashir