Ƙyallen Ankon da Ya Iso Bayanki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika hore ni a kanta, ina fatan makwancinki ya yi miki sanyi da yalwa. Mu nan unguwar Hindawiyya ta Makka muna nan yadda kika bar mu, sai zafi da hayaniyar 'yan tasi.

Umma, wani ƙyallen ya iso daga Katsina. Wata hajiya ce ta yi ta cigiyar gidanmu har ta same ni, ta miƙo mini shi a leda da sunanki a jiki. Atamfa ce koriya, ankon auren jikar Inna Kulu, yayarki.

Kin san al'adarku ke da ita. Tun da kika zo aikin Hajji kika zauna ba takardar zama, hanyar gida ta rufe miki, ba a yi biki ko suna a dangi ba face ta yanko miki ƙyallen anko ta aiko ta hannun alhazai. Ke kuma ki haɗa shi jikin bargon nan naki na faci-faci, ki gutsire zaren da haƙori ki ce, "To, ni ma na je bikin." Da zamanin waya ya zo, sai ki sa in ɗauki hoto a tura mata ta gani.

Har yau ba a gaya mata kin rasu ba. Ɗanta Sani ya hana, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya roƙe ni don Allah in ɗinka ƙyallen in turo hoto kamar kullum, don ta ishe su da tambaya.

Na sauko da bargon daga saman sif. Wallahi Umma, da na shimfiɗa shi sai na ga ya tashi daga aiki. Tsofaffin facin sun mutu murus. Wasu zaren ya saki sun ware, wasu in na soka allura sai su dare kamar busasshen ganye. Na kai wa wani tela a unguwar Shisha, ya juya shi sau ɗaya ya ce halas, wato ta ƙare, keke zai yi masa kaca-kaca, sai dai hannu.

Hannun wa kuma? Ina tuna ki a bakin ƙofa bayan kin dawo daga aikin girki a Arfa, yatsunki duk ƙuna, kina ɗinki kina lissafo mini mutane: wannan auren Binta, wannan sunan 'yan biyu. Mutanen da ban taɓa gani ba, kuma ba ni da takardar zuwa in gan su. Ɗinkinki ƙanana ne a kishingiɗe, don ke bahaguwa ce. Ni ko, kin sha yi mini tsiya wai ɗinkina kamar na mai haɗa buhun gawayi.

Na yi iya yina. Na sa wa waɗanda suka lalace shafi ta ƙasa, na bi ramukan allurarki ɗaya bayan ɗaya. Har da hagu na gwada, na sossoke yatsuna a banza. Da na zo haɗa sabon kuwa, ƙarfinsa ya fi na maƙwabcinsa, ina jan zare tsohon yana yagewa. Na warware, na sake, na kuma warwarewa, kullum ramin sai ƙara faɗi yake. Na zauna na yi kuka na gode Allah. Ban iya ba, Umma, kuma ba wanda zan tambaya.

A haka na ɗauki hoton daga nesa na tura.

Jiya saƙon muryar Inna Kulu ya shigo ta wayar Sani. Ba ta tambaye ki ba, ba ta ce a gaishe ki ba. Cewa kawai ta yi, "Maryama, sabon yadi sai an wanke shi ya yi laushi ake haɗa shi da tsoho. Ɗinkin nan na hannun dama ne, 'yata. Yaushe ne? Ke kaɗai kika yi mata wanka?"

Har yanzu ban amsa ba. 

Allah Ya jiƙanki, Umma, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ku ke da ita a inda ba a neman takarda. Ni kuma Ya ba ni bakin da zan amsa mata.

'Yarki mai kewarki,
Maryama