Sun Tuɓe wa Bulus Riga

Laraba da dare, Kagoro, 1975

Da safe na ga ɗaliban nas ɗin nan da suka zo daga Turai suna ɗaukar yara hoto a bayan asibiti. Matata Saratu ta sa wa ɗanmu Bulus rigarsa ta Kirsimeti. Doguwar cikinsu ta tuɓe masa ita, ta tsayar da shi jikin rusasshen bango, sannan ta ɗauka.

Na ce, "Sista, lafiya?"

Ta ce, "Zafi, zafi."

To ita ba ta jin zafin ne? Rumbuna cike da acca, amma hoton ɗana zai tafi ƙasarsu kamar maraya. Gobe zan gaya wa Fasto a karɓo shi. In ya ce ban gani daidai ba, Baba Yohanna mai gadi yana wurin. Shi aka ba riƙon rigar.