Inda Muka Kwantar da Baba

Gidan Nomau,
Ta Yankara.
Watan Agusta, 1977.

Zuwa ga Yayana Gide,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Baraka da yara duka. Ina roƙon Ubangiji Yesu ya tsare ku a wannan gari na ruwa da hayaniya, ya sa albarka a aikin da kake yi a tashar jiragen ruwa, ya kuma ba mu haƙurin rashin da aka yi mana. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, dawa ta yi baƙi ƙirin, sai dai masu noman ne suka yi ƙaranci, domin duk mai ƙarfi a jika ya bi ku Ikko, ko ya tafi Kaduna wajen ginin matatar mai. Maigidana ma yana can tun bazara. 'Yata Alheri ta yi zazzaɓi amma ta warke, ta koma makaranta, yanzu tana aji huɗu.

Saƙonka ya iso ta hannun direban motar goro, atamfa da sabulu da hotonka. Mun gode, Allah ya ƙara arziki. Hoton nan ya ba ni dariya a ranar da ban yi zaton zan dara ba, don Alheri ta dubi wandon nan naka mai faɗin ƙafa ta ce a ba ta shi ta ɗinka buhunan gero. Direban ya ce ka yi ta nanata masa tambaya ɗaya har ya gaji da kai, wato ko an kwantar da Baba kusa da Inna a bayan makaranta kamar yadda ya roƙa. Na ce masa ya gaya maka takarda na tafe, domin amsar ta fi ƙarfin a ba direba a bakin mota. Ka samu wuri ka zauna, Yaya, kafin ka ci gaba da karantawa.

Ka san abin da makarantar Fada, limamin cocinmu, take a wurin Baba. Kakanmu ne ya yanki gonarsa ya ba da filin, aka yi gayya, Kirista da Musulmi da masu al'adar gargajiya suka cuɗa ƙasa tare. Ranar Litinin aji, ranar Lahadi a juya bencuna ya zama coci. Baba shi ne malamin aji ɗaya, shi ne kuma katikis, mai koyar da addini da jan addu'a in Fada bai zo ba. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a wannan yanki, a ƙasa ya fara da yatsa, Baba na tsaye a kansa da tsumagiya. Ka tuna yadda yake sallamar 'ya'yan Musulmi da wuri ranar Juma'a, kuma in ya ji wani ya tsaya wasa a hanya bai je masallaci ba, ya sha bulala ranar Litinin, wai shi ba ya koyar da yaron da ke yi wa Allah ƙarya ta kowace ƙofa. Inna kuwa ita ke dama wa 'yan nesa koko, na Ketare da na ƙauyukan Daudawa da suke kwana a zaurenmu. Shi ya sa da ta rasu babu wanda ya yi musu aka sa ta a bayan aji na ƙarshe, dab da shingen bini-da-zugu, kuma har yau 'yan makaranta ke share wurin.

Abin da ba ka gani da idonka ba shi ne yadda abubuwa suka zama tun da gwamnati ta karɓi makarantar. Ban ce an yi mugunta ba. An sa kwano a rufi, an ƙara azuzuwa, yara sun cika har ana zama a ƙasa, ba a biyan komai. Amma an sauke gicciyen da ke saman ƙofa, an ce ba a ƙara yin ibada a aji, shi ya sa muke taruwa a zauren gida ranar Lahadi. Baba kuma aka ce ba shi da takardar malanta, ya huta. Bai yi gardama ba. Ya naɗe gicciyen a cikin zanen Inna ya ajiye a ɗaki, kullum da safe ya ɗauki kujerarsa ya zauna a ƙofar gida yana kallon yara suna wucewa, wanda rigarsa ta fita daga wando ya kira shi ya gyara. Ni na san tun daga lokacin ya fara raguwa, tari ya zo ya ƙarasa ne kawai. Ranar Lahadin da ta zama ta ƙarshe, bayan ya ja mana addu'a a zaune, ya riƙe hannuna ya ce ba ya neman komai a wurinmu sai a sa shi gefen Inna, inda zai riƙa jin yara suna karatu. Na ce masa to, ban ma ɗauka abu ne mai wuya ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, bayan an kwana ana ruwa. Na aika mai keke Funtuwa ya gaya wa Fada, ya dawo ya ce rafi ya cika ya batse, ko mota ba ta ƙetarewa. Mazanmu na coci ba kowa sai tsofaffi biyu, su suka yi masa wanka muka naɗe shi. Maƙwabta Musulmi suka fito da magirbi da shebur ba tare da an roƙe su ba, suka ce in nuna musu wuri. Na shige gaba muka nufi bayan makaranta. A nan hedimasta ya tare mu. Ka san shi, Malam Harisu ne, wanda ya kwana a zaurenmu shekara da shekaru, ya sha kokon Inna har ya yi kumatu. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, idonsa jawur, sannan ya ce filin ya zama na gwamnati, an auna an kafa turakun siminti, kuma mai duba makarantu ya riga ya yi masa faɗa a kan kabarin Inna, ya gargaɗe shi kada a ƙara binne kowa a ciki. Ya ce in ya bari aka haƙa, aikinsa ne zai tafi, ga iyali ga tsohuwa yana riƙe da su. Ya ce in za mu jira, zai je ofis da kansa ya roƙa da zarar ruwa ya janye.

Yaya, ka san bakina. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba. Na tambaye shi ko gawa tana jiran ofis, na tambaye shi wa ya riƙe masa yatsa ya rubuta harafin farko. Ya sunkuyar da kai ƙasa, amma bai matsa daga hanya ba. Masu shebur suka yi cirko-cirko, rana tana ta ɗagawa, Baba yana kwance a zaure. Wasu suka ce a kai shi bakin daji inda ake binne mutanen da, can nesa da gari. Na zauna a ƙasa a gaban ajin da ya yi rayuwarsa a ciki, na yi kuka irin wanda ban yi ba lokacin da ya cika, don na ga abu ɗaya tak da ya roƙe ni zai gagare ni.

Ina nan zaune sai ga Baffa Mani. Na san ba ka son jin sunansa. Tun ranar da ya musulunta, ka ce masa a gaban mutane ya sayar da 'yan'uwansa a kan riga da hula, ba ka ƙara gaishe shi ba, shi ma bai ƙara taka gidanmu ba in kana nan. Ya zo da lauje a hannu, bai kalli hedimasta ba, bai ce da ni in yi haƙuri ba. Ya tambaye ni daidai ina kan Inna yake, ina ƙafafunta. Na nuna masa. Sai ya zagaya ta bayan shingen ya shiga gonarsa, ka san ita ce ragowar gonar kakanmu, tana jingine da makarantar. Ya tsaya daidai saitin kabarin Inna ya fara yankan dawa. Dawar ta kai masa ƙirji, ba ta ko fid da kai ba. Wani dattijo ya ce masa ya ji tsoron Allah, ba a sare abinci a tsakiyar damina. Baffa ya ce ɗan uwarsa ne zai kwanta, kuma gwamnati ba ta auna gonarsa ba tukuna. Ya yanke fili mai faɗi, ya fi abin da kabari ke bukata, ya ce matan coci su ma su sami wurin tsayawa, tunda ya ji a wurinmu mata suna zuwa bakin kabari.

Masu haƙa suka yi irin nasu da suka iya, da ƙaramin rami a ciki da itatuwa a sama. Da suka zo sa shi, suka tsaya suka tambaye ni ina mu Kirista muke fuskantar da mamaci. Gaskiya ban sani ba, Baba ne ke yin waɗannan abubuwa, ban taɓa tambayarsa ba. Na ce su juya fuskarsa wajen Inna. Baffa da kansa ya shiga ramin ya karɓe shi. Da ya fito, shi da sauran Musulmi suka ja baya kaɗan suka ba mu wuri. Ba Fada, ba katikis, don katikis ɗin ne a cikin ramin. Na buɗe littafin addu'ar Baba na fara karantawa, ban yi nisa ba murya ta ƙi fita. Sai na ji an ɗauka daga ƙetaren shinge. Ashe Malam Harisu ya tashi makarantar gaba ɗaya, ya jera yara a gefen kabarin Inna. 'Ya'yan Kirista suka ja Addu'ar Ubangiji har ƙarshe, 'ya'yan Musulmi suna tsaye shiru da hannu a harɗe, shi kuma yana bayansu yana share fuska da hularsa. Ban yafe masa a ranar ba. Yanzu ma ban gama ba, amma in ya gaishe ni ina amsawa.

To ga amsar tambayarka, Yaya. Ba a sa Baba a makaranta ba, ban iya cika masa yadda ya faɗa ba, kuma abin yana ci mini rai. Yana gonar Baffa, Inna tana filin gwamnati, shinge a tsakaninsu. Da ruwa ya janye Fada ya zo a kan babur ya yi sujadar Mas a zaure, ya je ya sa wa kabarin albarka, ya nemi Baffa ya yi masa godiya. Baffa ya ce ba a yi wa mutum godiya don ya binne yayansa. Ni kuwa nakan je da yamma in yara sun tashi. In na durƙusa a gindin shingen, hannuna ɗaya yana kan Baba, ɗayan in na zura ta cikin bini-da-zugun yana taɓa ƙasar Inna. Haka nake gaishe su tare, in tashi da ƙaiƙayi a hannu in koma gida.

Na ji ka ce za ka zo da Kirsimeti. Allah ya kai mu. Ban yi fushi da ba ka zo jana'iza ba, na san kafin labari ya isa Ikko an riga an share makoki. Amma ina da roƙo, kuma ƙanwarka ce ke roƙo, ba umurni ba ne. Babu hanyar zuwa wurin Baba sai ta cikin gonar Baffa, kuma ba a shiga gonar mutum a wuce shi kamar kututture. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baffa ya tsufa, ido ɗaya ya fara yi masa hazo, shi kaɗai ya rage mana a ɗakin su Baba. Bai taɓa ambata maganar da ka gaya masa ba, ko sau ɗaya. Shekaranjiya na same shi yana cire ciyawa a gefen kabarin, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba ko Gide ya ji. Na ce ka ji. Sai ya ce in ka zo in gaya maka ba sai ka biya ta gidansa ba in abin zai yi maka nauyi, zai sa a share maka hanya ta gefen gona ka wuce abinka. Na dawo gida ban iya cin tuwo ba. In ka sauka daga mota, Yaya, kada ka bi wannan hanyar. Ka fara zuwa ƙofar gidansa ka tuɓe takalminka, shi zai kai ka wurin Baba.

Ka gaishe mini da Baraka, ka ce mata na ga atamfa, na san zaɓinta ne don kai ba ka da wannan idon. Ka shafa mini kan Bilya da ƙaramar Mero, ka gaya musu kakansu ya ambace su a addu'arsa ta ƙarshe. In ka haɗu da 'yan garinmu a coci, ka ce musu tsofaffinsu suna gaishe su, suna kuma tambayar yaushe. Alheri tana gaishe ku, matan zumunta suna gaishe ku. Baffa bai ce in gaishe ka ba, amma da ya ji zan rubuta maka, ya aiko da gyaɗa ƙwarya guda a ba direba. Ubangiji ya jiƙan Baba da Inna, ya ba su hutawa ta har abada, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Talatu Nata'ala.