Kujerar Gaba a Motar Bashar

Akokan, farkon Satumba

Zuwa ga maigidana, Baban Radiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aikin ramin gawayi, ya zafin Anou Araren? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan da sauƙi, ko da yake sauƙin na baki ne. Na zaɓi in rubuta in ba Bashar direba ya kawo maka, don a waya kullum abokan aikinka na kewaye da kai, amsarka ba ta wuce ta mai sauraron rediyo.

Tarin Radiyya bai tafi ba. Siron tarin da aka rubuta mana a gidan likita ya ƙare, na koma zuma da lemun tsami, duk a banza. An ɗauki hoton ƙirjinta, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ya ce bai ga komai ba. Ni wannan maganar ce ma ta hana ni sukuni. Haka aka yi ta gaya wa maƙwabcinmu Malam Zayyadu, wanda kuka yi aikin ramin ma'adinin garin nan tare kafin a rufe shi, har ranar da aka fita da shi a makara. Duk sanda iska ta taso daga wajen tsibin sharar ma'adinin nan na bayan gari, sai in ji kamar a ƙirjina take sauka.

Don haka na ɗauki mataki. Na toshe tagogi da tsumma, na rataya bargo a ƙofa, na hana ta leƙa ko tsakar gida. Girki ma na dawo da shi cikin ɗaki don kada ƙura ta faɗa mana a tukunya. Gawayin ƙasan da kake aiko mana ya yi mini rana, tun da gas ya yi wuyar samu. Ɗan kaɗan zan zuba ya kai ni har tuwon dare. Allah ya saka maka, kada ka fasa aikowa.

Ga buɗe lakkwal ya matso, bana za ta shiga makarantar boko. Na ɗinka mata riga, na sayi allo da alli da sak, jakar zuba su. Ita da Dassin, 'yar gidan Alkassoum, sun gama rabon benci tun ba su ga ajin ba, ta ramin taga suke shawarar. Ni kuwa ina kallon sak ɗin ina tambayar kaina yadda zan saki yarinya mai tari ta yini a fili. Ka faɗa mini abin da ka gani, kaina ya kulle.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Hansai

Akokan, tsakiyar Satumba

Baban Radiyya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso tare da buhun gawayi. Buhun na gode. Saƙon kuwa na karanta shi a tsaye, na kasa zama sai da la'asar ta wuce.

Shawara na nema, sai ka aiko mini da hukunci. Wato in haɗa mata kaya, farkon wata mai kamawa Bashar ya kawo maka ita, kai kuma ka wuce da ita Tasawa wurin Inna, mahaifiyarka. Ka ce iskar can ta fi. Ban musa ba, ni ma can aka haife ni. Amma ka san Inna ba ta ɗauki lakkwal a bakin komai ba, za ta ce a bari sai baɗi, baɗi kuma ta ce wa zai ɗebo mata ruwa. Kuma ni fa? Kai kana can, ita tana Tasawa, ni da wa zan yi faɗa da safe?

Na yi fushi da kai sosai, ban ɓoye ba. Na share ɗaki, na sake sharewa, na kwance kitson da na yi jiya jiya. Daga baya na ji ta tana tari har tana riƙe ciki, sai fushin ya bi iska. In rabuwa da ita ce za ta bar mini ita da rai, to a rabu.

Da na gaya mata ba ta yi kuka ba, wannan ya fi ci mini rai. Sak ɗinta kawai ta ɗauka ta tura ƙarƙashin gado. Abu guda ta roƙa, in bar ta ta yi kwanakin da suka rage a gidan su Dassin. Ka san gidan, a tsakar gida suke kwana, a rumfa suke girki, iskar da nake gudu can take yini. Na so in hana, amma na yarda. Na ɗaure mata hanci da ɗankwali na raka ta, kafin in juya baya na ga ta cire shi. Taurin kan nan dai ba a wurina ta ɗauko ba.

Ka gaishe da mutanen wurinku.

Taka,
Hansai

Akokan, farkon Oktoba

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ka wuni lafiya. Na san lokacin da kake karanta wannan kana tsaye a bakin mota kana leƙen inda 'yarka take. Ka nemi wuri ka zauna tukuna.

Kwanakin da ta yi a gidan su Dassin, kullum sai na je da kwanon abinci, a gaskiya kunne nake kaiwa. Ranar farko ta yi tari. Bayan nan sai na riƙa tarar da su suna tsalle-tsalle a rairayi, tana ihu da muryar da na manta tana da ita. Mahaifiyar Dassin ta ce barci take har rana ta taɓa ta. Na ce a raina Tasawa ce ta fara aiki tun ba a je ba.

Ana saura kwana biyu tafiya na dawo da ita don in haɗa kaya. Na hura gawayi a ɗaki zan soya mata cincin na guzuri. Baban Radiyya, mai bai yi zafi ba tari ya turnuƙe ta, idanunta suka yi ja. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallon hayaƙin nan mai warin ashana yana neman hanyar fita, ni kuwa na toshe masa kowace kafa da hannuna. Na finciko bargon ƙofa, na fitar da murhun waje, na fitar da ita.

Washegari na ɗauki dunƙulen gawayin guda na kai wa majo. Can baya ya taɓa tambayata da me nake girki, na ce gawayi, ya ɗauka na itace ne. Da ya ga wannan sai ya ce ɗanye ne daga rami, ba irin wanda ake gasawa a sayar wa masu girki ba, kuma mu gode Allah da abin ya tsaya a tari. Ban ce laifinka ba ne. Kai ka aiko don kada mu rasa wuta, ni na rufe ɗaki don kada ta shaƙi ƙura, mu biyu muka haɗu muka shaƙe yarinya da ƙauna.

Kada ka ɗauka hankalina ya kwanta. Tsibin nan yana inda yake, tsorona ma haka. Majo ya ce in dawo da ita a sake saurarar ƙirjin, kuma zan kai ta. In tarin ya dawo babu hayaƙi, ni da kaina zan kai ta Tasawa, ba sai ka aiko ba.

Yau da safe ta jawo sak daga ƙarƙashin gado. Na raka su ita da Dassin har ƙofar lakkwal, ɗankwalin yana dunƙule a hannuna, ban ɗaura mata ba. Na tsaya a jikin katanga har mushe, malamin ajinsu, ya fito ya tambaye ni ko ni ma rubuta ni za a yi. A cikin yaran nan duka ina jin masu tari, na saurara da kyau, babu nata.

Na saɓa maka, ka yi haƙuri, in ka zo ka yi faɗanka zan saurara. Bashar ya ce ka kama mata kujerar gaba don kada ta wahala, na ga bai kamata ta tafi babu kowa ba. Ka duba, buhun gawayinka ne a zaune, na ɗaura masa bel ɗin kujera.

Radiyya tana gaishe ka, ta ce bencinsu na kusa da taga.

Matarka,
Hansai