Hannun Nicanor da Kunnen Don Baldo

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Lafiyar Ma'aikatan Ruwa, Valparaíso
Daga: Eulogia Pakomio Atán, malamar makaranta, Hanga Roa
Rana: 19 ga Agusta, 2019

Game da: gwajin ji da aka yi wa matuƙin injin ɗaga kaya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 4 ga Maris, likitan da kamfanin sauke kaya ya ɗauko ya gwada kunnen dattijo Don Baldomero Hotu, matuƙin injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwanmu ta Hanga Piko. Faifan kalmomin Sifaniyanci da ake gwajin da shi ya lalace tun bara, don haka likitan ya karanta su da bakinsa, fuska da fuska, da muryar mai tallan kifi.

2. Harshen nan nake koyarwa. Kalmomin da ya karanta duk masu buɗe baki ne, cike da wasula masu sauƙin ji. Siraran sautuka, waɗanda kunnen da ƙarar inji ta cinye yake fara rasawa, kusan babu su; 'yan kaɗan da ke ciki kuma ya haɗiye su yadda duk ɗan Chile ke yi. Don Baldo, wanda sai matarsa ta jefe shi da takalmi yake sanin abinci ya nuna, ya ci gwajin ba kuskure. Ina taya kimiyya murna.

3. Ranar 9 ga Agusta, igiyar ƙarfe ta naɗe hannun ƙanena Nicanor. Ma'aikata suna ihu, suna fito. Don Baldo yana ta ja. Hannun ya tsinke daga gwiwa, ya hau sama tare da buhunan siminti, jini yana ɗiga a kan masu ihun.

4. Washegari 'ya'yan Nicanor suka tare tsohon da filafilin kwalekwale, suka zubar masa da haƙora. Yana kwance yana cewa, "Yarana, me kuke faɗa?" Sun amsa masa. Bai ji ba.

Don haka ina roƙon a aiko sabon faifai, mai murya ɗaya da cikakkun sautukan Sifaniyanci, a sake gwada shi kafin jirgin kaya ya dawo ranar 2 ga Satumba. Kamfanin ya ce takardar shaidar da likitan ya ba shi tana aiki, zai koma kujerarsa. Ismael, babban ɗan Nicanor, shi zai tsaya ƙarƙashin injin a gurbin ubansa. Mashin da Ismael ke sukar kifi da shi na ɓoye shi ƙarƙashin gadona, kuma ya san inda yake.

Da matuƙar ladabi da biyayya,
Eulogia Pakomio Atán